Lissafin jari a lokacin da farashi ba ya kwana wuri ɗaya

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanka wa naira farashi. Dalar da ake lissafawa wajen naira 460 a hukumance ta kai 1,500 a Fabrairun 2024, a hannun 'yan canji kuwa har ta doshi 1,900. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a shekara. Da aka shiga 2025 sai hatsi ya juyo ƙasa, waɗanda suka cika sito da masara da shinkafa suna jiran bazara suka kwashi kashinsu a hannu. Mai shago a kasuwannin Kano irin su Singa ko Kwari ko Dawanau ba shi da ta cewa a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake hannunsa shi ne yadda yake lissafi, kuma a ganina nan ne aka fi karyewa, fiye da wajen rashin ciniki. Akwai shagunan da aka rufe alhali littafinsu riba yake nunawa har ranar ƙarshe.

A ce ka saro kwali 100 na taliya a kan naira 10,000 kowane, ka kashe miliyan ɗaya. Ka sayar a 11,000, kuɗi suka dawo miliyan ɗaya da dubu ɗari. A littafi ka ci ribar dubu ɗari. Ka koma wajen dila ka tarar kwali ya zama 12,000. Duk abin da ke hannunka kwali 91 zai saya. Idan kuwa ka riga ka cire dubu ɗarin ka kai gida a matsayin riba, kwali 83 za ka ɗauko. Shagon da ya fara da kwali 100 ya koma 83, mai shi yana murnar ciniki ya yi kyau. In haka ta maimaitu sau uku ko huɗu, sai kanta ta fara nuna katako, a fara cewa sammu ne ko yaron shago ne yake sata. Saboda haka jari a irin wannan lokaci da kaya ake ƙirga shi: kwali nawa, buhu nawa, turmi nawa, bandir nawa. Riba ita ce abin da ya rage bayan ka mayar da adadin kayan da ka fara da shi, kuma ita kaɗai ce halaliyar cefanenka.

Wannan ba baƙon lissafi ba ne a wurinmu. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwar da yake saye da sayarwa kullum, wanda malamai ke kira mudiri, idan shekara ta zagayo yakan yi wa kayansa ƙima da farashin wannan rana, ya haɗa da kuɗin hannu da basussukan da yake sa ran za a biya shi, ya fitar da zakkar 2.5 cikin 100 in ya kai nisabi. Ba a tambayar nawa ya saro. Abin da ake yi sau ɗaya a shekara domin zakka, shi ya kamata a riƙa yi duk ƙarshen wata domin sanin inda aka kwana.

Daga nan tsarin sa farashi yake fitowa. Farashin da za ka sayar yau ana gina shi ne a kan abin da za ka biya in za ka saro kayan yau. Ka ɗora kuɗin mota da na 'yan dako, a raba su a kan kowane kwali, ka ɗora abin da ke lalacewa ko fashewa a hanya, sannan ribarka. Kayan da suka fi tafiya a shago yawanci ba su wuce goma zuwa ashirin ba. Waɗannan ka san farashin sarinsu kowace safiya, ta waya daga mutum biyu da ba shagonsu ɗaya ba, domin dila ɗaya yana iya faɗa maka farashin da yake so ka ji. Sauran kayan ya isa a duba su sau ɗaya a mako. A rubuta farashin a takarda ɗaya da kwanan wata a kanta, ta yadda yaron shago ba zai sayar da farashin makon jiya ba lokacin da ka tafi masallaci.

Za a ce maƙwabcinka yana sayar da tsohon farashi, masu saye za su koma wurinsa. Za su koma, na kwana biyu, har tsohon kayansa ya ƙare, sannan shi ma ya je sari ya dawo da rabin mota. In kana tsoron rasa tsofaffin abokan ciniki, akwai tsaka-tsaki: ka haɗa tsohon kaya da sabo ka fitar da matsakaici. Kwali 40 na 10,000 da kwali 60 na 12,000 sun tashi a 11,200 kowane, sai ka ɗora ribarka a kan wannan. Ka dai sani cewa rangwame ne kake yi daga aljihunka, kuma ka iyakance shi ga mutanen da suka cancanta. Wasu kuma zuciyarsu ba ta natsuwa, suna ganin ƙara kuɗi a kan tsohon kaya zalunci ne. Zalunci shi ne ɓoye kaya don a ƙirƙiri ƙaranci, da tauye mudu, da algus, da ƙaryar cewa ka saro a farashin da ba ka saro ba. Sayar da kaya a farashin kasuwar yau, a fili, mai saye yana gani yana da zaɓi, ciniki ne.

Kuɗin da yake juyawa da wanda yake barci

Hauhawar 34 cikin 100 a shekara tana nufin kuɗi yana rasa kusan 2.5 cikin 100 na ƙarfinsa duk wata. Da wannan ma'auni za ka auna kowane kaya a shagonka. Sukari ko man girki da ke ba ka ribar naira 5 a kowace 100, amma yana ƙarewa duk kwana goma, ya juya sau uku a wata, ya ba ka 15. Wani kayan ado ko turare mai ribar 25 a 100 da yake ɗaukar wata uku kafin ya ƙare, 8 da 'yan kai ya ba ka a wata, kafin a cire abin da hauhawa ta ci. 'Yan kasuwa da yawa suna son mai ribar 25 saboda ranar da aka sayar da shi ana jin daɗi, amma mai ribar 5 ne yake biyan haya.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Duk kwalin da ya shigo a rubuta masa ranar shigowa da maka a gefe. Ƙarshen wata a zagaya. Abin da ya wuce kwana sittin bai motsa ba ya yi kwantai, sai dai in kayan lokaci ne kamar shaddar sallah ko dabinon azumi, waɗanda aka saya da niyyar jira. Kwantai a karya shi ya fita, ko da a kan uwar kuɗi ne, ko ƙasa da haka kaɗan. Dubu ɗari uku da ke kwance a cikin kayan da ba a tambaya, in an fitar da dubu 270 aka zuba a kayan da ke ba da 15 a wata, wata ɗaya ya isa a cike giɓin. Abin da ke hana mutane shi ne kunyar a ce sun sayar da faɗuwa, sai su ajiye kayan har ya kusa lalacewa ko yayinsa ya wuce. A atamfa da leshi wannan ya fi muni, domin zanen da aka yi rububinsa a ƙaramar sallah ba lallai a kalle shi a babba ba.

Bashi shi ne ɗaya kuɗin da yake barci. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya ce zai yi kasuwanci a unguwa ba ya bayar da shi ko kaɗan bai san unguwa ba. Sai dai dubu 200 da aka riƙe maka wata huɗu a lokacin hauhawa, ranar da aka biya ka ƙarfinta bai wuce na dubu 181 ba, ban da juyin da za ta yi da tana hannunka. Ba kuma halin ka ƙara masa kuɗi saboda jinkiri, wannan riba ce haramtacciya. Abin da akasarin malamai suka halatta shi ne farashin hannu daban, na bashi daban, matuƙar an tsaya a kan ɗaya kafin a rabu. To a yi amfani da wannan. A sa wa bashi rufi: jimillar abin da ke waje kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na jari, kowane mutum da iyakarsa, kuma ba a ɗora sabo a kan tsoho. Mai albashi a ɗaure biyansa da ranar albashi, mai sayar da abinci da mai shayi a ba su na kwana uku zuwa mako, tunda kullum suke ganin kuɗi. A rubuta, da rana, da sa hannu ko shaida. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka duk wanda ya ji haushin an rubuta sunansa ya ba ka labarin yadda biyan zai kasance.

Sai kuɗin da shago yake ci ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mutane ƙalilan ne suka san wannan adadi, alhali minti goma ya isa a fitar da shi. A ce haya dubu 600 ce a shekara, wato dubu 50 a wata. Yara biyu dubu 60. Janareto yana shan lita uku a rana a kan naira 900, kwana 26, ya kama dubu 70. Harajin kasuwa, mai gadi, shara da katin waya dubu 20. Jimla dubu 200. Idan matsakaicin ribarka naira 8 ce a kowace 100 da aka yi ciniki, sai ka sayar da kayan miliyan biyu da rabi a wata kafin ka fara cin sisi, wato wajen dubu 96 a rana. Wannan lamba ka rubuta ta a bangon littafi. Duk ranar da ciniki ya gaza ta, jari aka ci. In wata uku a jere ana gaza ta, ba addu'a kaɗai ake ƙarawa ba, ana rage kashewa ne: a raba shago da wani a raba haya, a saki sito na biyu, ko a sauya kayan da ake sayarwa.

A lissafin nan mai ne ya fi saurin ragewa. Wanda yake ƙona dubu 70 a wata, in ya kafa sola ta dubu 900, cikin wata goma sha uku ta biya kanta. Inda ake samun matsala shi ne wajen awo. Firiza idan za ta tashi tana jan wuta ninkin abin da take ci tana tafiya, ƙaramar inbata sai ta riƙa yankewa. Batirin ruwa in ana zuƙe shi fiye da rabi kullum ba ya daɗewa, wanda aka ce zai yi shekaru sai ya mutu da wuri, mai shago ya ce sola yaudara ce. Ƙurar hunturu kuma tana rufe farantan, in ba a wanke su duk mako ba wutar raguwa take yi. Kafin a saya a rubuta duk abin da za a kunna da awowin da zai yi, a ba mai haɗawa ya yi lissafi a gabanka.

Yaran shago kuwa ba wurin tsuke bakin aljihu ba ne. Yaron da kuɗin motarsa ya ninka, abincin ranarsa ya ninka, albashinsa yana nan yadda yake tun 2022, zai nemi cikon a wani wuri, kuma wurin da ya fi kusa da shi shi ne durowarka. Gara a ƙara masa ta hanyar kamasho a kan abin da ya sayar, a kuma riƙa ƙirga manyan kayan nan ashirin duk mako tare da shi.

Gida ma haka. Aljihun gida da na shago in suka zama ɗaya, babu lissafin da zai tsaya. Mai shago ya yanka wa kansa albashi, ya ware wani abu sananne duk wata domin biki da suna da asibiti da 'yan uwa masu zuwa da buƙata. In ya ƙare ya ƙare, sai wata mai kamawa. Kayan da aka ɗauka daga kanta aka kai gida a rubuta su a farashin sayarwa. Wannan ya fi wuya ga mata masu sana'a a cikin gida, inda kuɗin ƙuli da na cefane suke kwana a gwangwani ɗaya, kuma maigida yana ranta ba ya mayarwa. Asusu daban a waya, wanda ba a taɓa shi sai don sari, yana rage wannan.

Masu saye su ma sun sauya. Albashi mafi ƙanƙanta ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, amma bai kamo farashin abinci ba, kuma yawancin masu sayenka ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Mai sayen buhu ya koma kwano, mai kwano ya koma gwangwani, mai galan ya koma ƙulli. Wanda ya ƙi fasa buhu zai zauna da shi. Sai dai fasa buhu yana da nasa lissafin. Kada ka ɗauka buhu kwano 40 ne don haka ake faɗa. Ka auna da hannunka, sau da yawa za ka samu 38 ko 39, ga gyara da ake yi wa mai saye, ga abin da ke zubewa, ga kuɗin leda. A raba kuɗin buhun a kan abin da ya fito a zahiri. Ribar awo ta fi ta buhu, amma in an yi lissafin a kan 40 alhali 38 ake samu, kwano biyun nan su ne ribar gaba ɗaya.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, ya koya wa kowa cewa hanyar karɓar kuɗi ɗaya ba ta isa. A samu asusu biyu a wurare daban-daban, da na'urar POS, domin ranar da sabis ɗin ɗaya ya ɗauke kada ciniki ya tsaya. Kada kaya su fita a kan saƙon alat ko hoton rasit da aka nuna maka a waya, sai ka buɗe manhajar ka ga kuɗin sun zauna. Masu alat na bogi sun fi zuwa lokacin cunkoso, dab da magariba ko jajiberin sallah.

Dala, sefa da kuɗin aro

Mai shigo da kaya daga Sin ko Dubai lissafinsa iri ɗaya ne da na mai taliya, sai dai ma'auninsa dala ce. Kayan dala 10,000 da aka biya a kan 900 sun ci miliyan tara. Kafin su iso a sayar, in dala ta koma 1,500, sai an tara miliyan goma sha biyar kafin a sake cika wannan odar. Don haka farashin yadi a Kwari yana bin canjin yau. Abin da ya fi aminci shi ne duk mako a mayar da wani kaso na cinikin zuwa kuɗin da za a biya mai kaya da shi, kaɗan-kaɗan, maimakon a tara naira wata uku a je wajen 'yan canji a Wapa rana ɗaya. Wannan ya bambanta da sayen dala don caca. Waɗanda suka saya a kusan 1,900 a Fabrairun 2024 sun ga ta sauko kusan 1,100 a watan Afrilu, da yawa suka sayar a tsorace, sannan ta sake hawa. Babban haɗari kuma shi ne karɓar kaya bashi da dala alhali da naira kake sayarwa. In ba makawa, a gajarta wa'adin kuma a fara biya tun daga cinikin farko.

Masu hulɗa da Maraɗi da Damagaram da Ƙonni su tuna sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a yuro ɗaya. Duk lokacin da naira ta faɗi, kayan Kano sukan yi wa mai sefa araha, dabbobi da waken da ke shigowa daga can kuma su yi mana tsada. Dama ce ga mai sayarwa, amma iyaka ba ta da tabbas. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, motoci suka yi ta jibge a Illela da Jibiya da kaya a ciki. Wanda kasuwarsa gaba ɗaya ta rataya a kan hanya ɗaya ya nemi ta biyu tun ana zaman lafiya, kuma kada ya tura kayan da ke ruɓewa da dukan jarinsa a mota ɗaya.

Wajen sari a cikin gida akwai tarkon da ya kama mutane da yawa: a biya kuɗin kaya gaba ɗaya, lodi ya yi jinkirin mako uku, farashi ya tashi, a ce sai ka yi ciko ko a rage maka adadi. Kafin kuɗi su fita a rubuta ko farashin ranar biya ne zai yi aiki ko na ranar lodi, da ranar da za a mayar da kuɗi in kaya ba su fito ba.

Rance kuwa, Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamba 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bayarwa. Manhajojin bashi na waya ba abin kusanta ba ne, ko ta fuskar addini ko ta lissafi. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, suna yin murabaha, su sayi kayan su sayar maka da ribar da aka sani. Halaccinta bai sa ta zama kyauta ba. Kayan miliyan biyu da za a biya miliyan biyu da dubu 300 cikin wata shida, a ido 2.5 cikin 100 ne a wata. Amma tunda duk wata kake biyan wani kaso, kuɗin ba sa zama a hannunka duka, ainihin tsadar ta ɗan haura 4 cikin 100 a wata. Kayan da ke juyawa sau uku a wata za su ɗauki wannan, kayan da ke jiran sallah ba za su ɗauka ba. Adashi ma a duba: a zubi na wata goma sha biyu, mai kwasar ƙarshe yana karɓar kuɗin da ya rasa ƙarfi sosai, don haka gajeren zagaye na mako-mako ya fi adalci. Wanda kuma zai karɓi jarin wani ya juya, a rubuta rabon riba da kaso, rabi ko sulusi, kada a yanka adadin da za a riƙa bayarwa duk wata ko an samu ko ba a samu ba. Wannan yankan ne yake sa mutum ya riƙa biyan mai kuɗi daga uwar kuɗinsa har asiri ya tonu.

Idan farashi ya juyo ƙasa

Ajiyar hatsi daga kaka zuwa bazara tsohuwar sana'a ce, kuma shekarun 2023 da 2024 sun sa kowa ya ɗauka ba a faɗuwa a cikinta. Malaman makaranta da ma'aikata da matan aure duk suka shiga, wasu da kuɗin aro. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu rumbuna a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150. Kaya suka shigo, aka samu amfanin gona, dala ta ɗan lafa, a 2025 farashi ya sauko ƙasa da abin da mutane da yawa suka saya.

Mai son wannan harka ya fara da lissafin abin da buhu zai ci kafin a sayar. A ce an saya 50,000. Mota da dako 2,500, buhu mai leda biyu a ciki 2,500, sito na wata shida 1,500, raguwar nauyi saboda bushewa da ɓera kwano biyu, wato 2,500. Buhu ya tashi 59,000, ba a sa zaman da kuɗin suka yi na rabin shekara ba. Duk farashin da bai haura wannan da kyau ba wahalar banza ce. Masara sai ta bushe sosai kafin a ɗura. Gwajin gishiri yana taimakawa: a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin a busasshiyar kwalba a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar akwai sauran danshi, a mayar rana. A jera buhuna a kan katako, a bar tazara da bango. Buhun PICS, wato mai leda biyu a ciki, in an ɗaure kowace leda daban ba tare da huda ba yana kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba. Masu zuba fiya-fiya a wake su sani irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, ban da cutar da ake yi wa masu ci a gida.

Tun ranar saye a yanke farashin fita, a kuma raba kayan uku: kaso ɗaya ya fita da zarar an samu ribar da aka ƙudurta, ɗaya a tsakiyar bazara, na ƙarshe kafin sabon amfani ya fara shigowa kasuwa. Wanda ya jira ƙololuwa da dukan kayansa yawanci bayan ta wuce yake gane ta.

Ƙa'idar farashin yau tana aiki a saukowa kamar yadda take aiki a hawa, kuma nan ne take da ɗaci. Ka saro buhu 50 na shinkafa a 80,000, yau ana sari a 60,000. Masu saye ba ruwansu da nawa ka saro. In ka kafe a 82,000, kayan za su zauna, abokan cinikinka su saba da wani shagon, farashin kuma yana iya ƙara sauka. In ka sayar a 63,000 ka sake sarowa a 60,000, buhunka 50 suna nan, kuɗi suna juyawa, har da ribar dubu uku a kowane. A naira ka yi asarar kusan miliyan ɗaya, a buhu ba ka rasa komai ba. Wanda wannan lissafi ba ya ceto shi ne wanda ya sayi kayan da bashi, domin bashin miliyan huɗu yana nan miliyan huɗu ko shinkafa ta koma nawa. Shi abin da ya rage masa shi ne ya je wurin mai kuɗin tun kafin wa'adi ya cika, da littafinsa a hannu, ya nuna abin da ya rage a sito da farashin yau, ya biya abin da ya samu daga kason farko, a sake rubuta sabon wa'adi na sauran a gaban shaidu.